Rijiyar gida garau ta faɗi gwaji, ta fadama mai ƙarni ta tsallake: ina dalili?

Baban Halima, Dakace

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga waɗanda suka san ƙasa da ruwa, don abin da na gani ya hana ni sukuni.

Ni manomi ne. Da damina masara nake yi a tudu, da rani kuma lambu a bakin wata ƙorama da ke gangarawa kogin Galma ta wajenmu a Zariya: tumatir, albasa, attaruhu, wani zubin har da karas. Rijiya biyu gare ni. Ta farko tana cikin gida, a kan tudu, gaba shida ce, sai da aka fasa marmara kafin a cim ma ruwa. Ruwanta garau yake, ba wari ba ɗanɗano, har maƙwabta nan suke aiko yara ɗiba. Ta biyu 'yar bututu ce da aka buga mini a fadama, ita nake ɗaura wa inji idan ƙorama ta ja baya. Ruwanta yana fitowa fari tas, amma in ya jima a bokiti sai ya rikiɗe ja-ja, wani maiƙo ya taru a samansa, ga ƙarnin ƙarfe. Ko yaran da ke mini aiki ba sa yarda su sha, daga gida suke zuwa da jarka.

Yarona da ke karatu a jami'a ya zo gida da wasu siraran takardu na gwaji. Ana tsoma ɗaya cikin ruwa, a ɗan dakata, sai bakinta ya sauya launi gwargwadon yawan wani sinadari da ya kira naitiret, wanda ya ce daga taki da bayan gida yake samuwa. A jikin kwalbar akwai jerin launuka da lambobi, ya nuna mini 50, ya ce nan ne iyakar ruwan sha. Da muka tsoma a ruwan rijiyar gida, takarda ta turu har ta zarce 50. Da muka tsoma a na fadama, mai ƙarnin nan, ko gezau. Muka sauya takarda muka sake, haka dai.

Daga nan muka bi ƙoramar da ƙafa. Can sama, inda gaɓa baƙar laka ce mai ciyawa, da ƙyar takarda ta nuna alama. Ƙasa da lambun nawa kuwa akwai wurin da masu tifa suka daɗe suna kwasar yashi, gaɓar ta zaftare, sai yashi da tsakuwa a fili. A nan ko a watan Maris za ka ga ruwa yana tsatstsafowa daga jikin gaɓa yana shiga ƙorama. Shi ma wannan ruwan ya turar da takarda sosai. Kuma gurbin da ke ƙasa da wurin shi ne yake yin kore shar da gansakuka duk bazara, da asuba ka tarar 'yan kifaye sun taso sama suna haki.

To ga abin da nake son sani. Yaya aka yi ruwa mai kyau a ido ya fi mai ƙarni wannan sinadari? Me ya sa ƙorama ɗaya, sama lafiya ƙasa matsala? Kuma takina ne yake ɓata ta? Ba na ɓoyewa, ina zuba kamfa da yuriya, ina kuma sayen kashin kaji buhu-buhu don tumatir. In ni ne nake cutar da mutanen da ke ƙasa da ni, gara in sani. Sannan surukata ta haihu, jaririn yana gidan nan, kuma ruwan rijiyar nan muke sha.

Mai Burtsatse, Samaru

Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ilimin duwatsu da ruwan ƙasa na karanta, haƙar burtsatse kuma ita ce sana'ata a Zariya da kewaye. Takardar gwaji ba ta kai ɗakin gwaji daidaito ba, amma abin da ta nuna muku ya yi daidai da yadda ƙasarmu take, kuma rijiyoyinku biyu sun ba da amsar tambayar ƙorama.

Naitiret ba shi da launi, ba wari, ba ɗanɗano, don haka garau ɗin ruwa ba shaida ba ne a kansa. Idan kun zuba yuriya a ƙasa mai laima, cikin 'yan kwanaki take narkewa ta zama amoniya. Amoniya tana maƙalewa a jikin yumɓu, ba ta tafiya da sauƙi. Amma akwai ƙwayoyin halitta a cikin ƙasa, waɗanda ido ba ya gani, da ke juya ta ta koma naitiret matuƙar iska tana shiga wurin. Shi kuwa naitiret ƙasa ba ta riƙe shi sosai, inda ruwa ya nufa nan yake bi. Wanda saiwar masara ta kama ya zama hatsi. Wanda ya suɓuce ya wuce tsawon saiwa, sai ƙasa. Haka kashin kaji, haka kashin shanu, haka bayan gida, duk hanyarsu ɗaya.

Ku dubi lissafin, Baba. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin, wato sinadarin da shuka ke nema a taki, wanda shi ne yake zama naitiret, don kashi 46 cikin 100 na buhun ne. In da duka zai zama naitiret ya shiga ruwa, ya isa ya ɓata ruwa lita miliyan 2 har zuwa iyakar nan ta miligiram 50 a kowace lita, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa, kuma ita ce a ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya. Ba duka ke zurarewa ba, amma kun ga ba sai da yawa ba.

Yanzu ga inda rijiyoyin suka rabu. Zariya a kan tsohon dutse mai tauri take zaune, irin wanda ya fito fili a Dutsen Kufena. A samansa akwai ruɓaɓɓen dutse, sai marmara, sai ƙasar noma. Rijiyar gida a cikin ruɓaɓɓen dutsen nan take samun ruwa. Wurin ba ruɓaɓɓen ganye ko saiwa sosai, kuma ruwan saman da ya sauka can yana tafe da iskar oksijin ɗinsa. A irin wannan ruwa babu abin da ke taɓa naitiret. Zai yi shekaru yana nan yadda ya shiga.

Fadama kuwa daban ce. Baƙar lakar nan cike take da ruɓaɓɓiyar ciyawa, kuma a jiƙe take kullum, iska ba ta samun hanyar shiga. Ƙwayoyin halittar da ke cin ruɓaɓɓiyar ciyawar suna buƙatar abin da za su yi numfashi da shi, kuma bi da bi suke ɗauka, kamar mai girkin da ke fara ƙona itace, in ya ƙare ta koma kara, in ya ƙare ta nemi kashin shanu. Oksijin suke fara cinyewa. In ya ƙare su koma kan naitiret, su farfasa shi ya zama iskar naitirojin, wadda da ma ita ce kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa, ta tashi ta tafi ba ta cutar da kowa. Sai naitiret ya ƙare sannan su isa ga manganis, wani dangin ƙarfe, da tsatsar ƙarfen da ke cikin ƙasa. In suka taɓa tsatsar nan sai ƙarfen ya narke ya bi ruwa ba tare da launi ba, shi ya sa yake fitowa daga bututunku fari tas. Da ya haɗu da iska a bokiti sai ya sake yin tsatsa, ya koma ja. Ke nan jan ruwan nan da ƙarninsa su ne shaidar cewa oksijin ya ƙare a wurin, naitiret ma ya ƙare, tunda har layi ya zo kan ƙarfe. A aikina da wuya in ga ruwa ɗaya ya haɗa ƙarfe mai yawa da naitiret mai yawa. In kuka ji rijiya tana warin ruɓaɓɓen ƙwai, ta ma wuce wannan matakin.

Kada dai a ɗauka ruwan fadama ya zama na sha. Naitiret kaɗai laka ta cire. Ƙwayoyin cuta da maganin feshi maganarsu daban.

Sai ƙorama. Da damina yawancin abin da ke cikinta ruwan sama ne da ya gangaro ta doron ƙasa, yana da yawa, yana sirka duk abin da ya tarar. Amma daga ƙarshen Oktoba zuwa Afrilu ko Mayu ba a ruwa a Zariya, ita kuma tana gudu. Daga ina? Daga ƙasa. Ruwan da tudu ya sha da damina shi ne yake gangarowa sannu a hankali ta ƙarƙashin ƙasa, yana fitowa ta gaɓa da gindin ƙorama. Wato da rani ƙoramarku da rijiyar gidanku kusan ruwa ɗaya ne. Abin da ya rage shi ne ta wace ƙofa ya shigo. Can sama sai ya ratsa baƙar laka tukuna, ya jima a cikinta, a cinye masa naitiret kafin ya fito. A wurin masu tifa an kwashe lakar, ruwan tudu yana bi ta yashi da tsakuwa, da sauri, da oksijin ɗinsa, ya faɗa ƙorama da kayansa cif. Ga shi kuma lokacin ƙorama ta ƙanƙance, babu ruwan da zai sirka shi, rana ta buɗe, zafi ya zo. Abin da gansakuka ke so ke nan. Da rana tana fitar da oksijin, da dare ita da ruɓaɓɓenta su zuƙe shi, shi ya sa da asuba ne kifi ke tasowa yana haki.

Saboda haka gona biyu za su iya zuba taki daidai wa daida, ɗaya ta ɓata ƙorama ɗaya ba ta ɓata ba. Ya danganta da abin da ke tsakanin gonar da ruwan.

Malam na Tudun Wada

Bayanin ɗan'uwa Mai Burtsatse ya gamsar da ni ta fannin laka da yashi, amma ina da ja a kan ɗora wa taki laifin rijiyar gida. Alhaji Baban Halima, kada ka ɗauki nauyin da ba naka ba tun ba a tabbatar ba.

Takin nawa ne ma manominmu yake samu? A 2006 da shugabannin Afirka suka taru a Abuja kan maganar taki, abin da suka koka a kai shi ne matsakaicin abin da ake zubawa a ƙasashenmu bai wuce kilo 8 a kowace hekta ba, suka sa burin a kai 50. Ga masara a yankinmu masana aikin gona suna ba da shawarar kamar kilo 120 na naitirojin a hekta. Da tsadar buhu a yau, manoma nawa ne a Dakace ko Basawa suke kaiwa haka? Yawancin gonakin tudu yunwar taki suke yi. Lambu ne kawai na yarda ana cika hannu, musamman tumatir.

Ni abin da nake zargi shi ne masai. Mutum ɗaya yana fitar da kimanin kilo 4 na naitirojin a shekara, mafi yawansa ta fitsari. Gida mai mutum 20 ya tashi kilo 80 ke nan, fiye da buhu uku na yuriya, duk shekara. Kuma ba a faɗin hekta aka watsa shi ba inda shuka za ta ci, a rami ɗaya aka zuba, mai zurfi, ƙasa da inda kowace saiwa ke kaiwa, kusa da ruwan ƙasa. Ba duka ne zai isa ruwa ba, na sani. Amma ka haɗa gida da gida a unguwa irin tamu, inda katanga ɗaya ce tsakanin masan wannan da rijiyar wancan, ka ga abin da muke zaune a kai. Ƙa'idar da masu aikin tsafta ke bi ita ce a bar mita 30 tsakanin masai da rijiya, gindin ramin kuma ya tsaya aƙalla mita ɗaya da rabi sama da ruwan ƙasa. Filin wa ya kai haka a cikin gari? Da damina ma a wasu gidajen ruwa har cikin ramin yake tasowa.

Haka maganar kore. Ku je ku dubi rafin Kubanni bayan ta baro Samaru ta ratsa tsakanin Tudun Wada da Sabon Gari, kafin ta faɗa Galma. Kwatocin unguwanni duk can suke ƙarewa, da ruwan wanki da juji. A ruwan daɗi irin na ƙorama da dam, sau da yawa sinadarin fosfet ne yake buɗe wa gansakuka hanya, shi kuma yana cikin kwata da kashin kaji da kamfa, ya fi bin ruwan da ke gangarowa ta sama tare da zaizayar ƙasa. Naitiret yana da hannu, amma ba shi kaɗai ba ne.

Alhaji, ka auna mana tsakanin rijiyarka da masai, ka kuma faɗa mana wanne ne a sama.

Uwar Biyu, Wusasa

Baba sannu da ƙoƙari. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma maganar jaririn ce ta sa na sa baki, don ita ce ba ta jira.

Iyakar nan ta 50 saboda jarirai aka sa ta. Naitiret in ya shiga cikin jariri yana iya komawa wani sinadarin da ke ɓata jini, ya hana shi ɗaukar oksijin. Babba jikinsa yana gyara wannan da kansa, amma jariri, musamman ɗan ƙasa da wata uku, bai yi ƙarfin haka ba, in kuma yana gudawa abin ya fi tsanani. Tun 1945 wani likita a jihar Ayowa ta Amurka ya gano alaƙar ciwon da ruwan rijiyar da ake dama wa jarirai madara da shi. A fatarmu ba a saurin ganin canjin launi, don haka leɓe za a duba, da harshe, da dasashi, da ƙarƙashin farce. In sun yi shuɗi-shuɗi ko toka-toka, yaro yana numfashi da sauri, ya yi laushi ya ƙi kama nono, a tafi asibiti nan take, a kuma faɗa wa likita maganar rijiyar. Akwai magani.

Abin da zai kwantar muku da hankali shi ne nono ba ya ɗauko naitiret ta yadda zai cutar. In surukarku tana shayarwa zalla, ba ruwa ba komai har wata shida, yaron yana cikin kariya. Inda haɗarin yake shi ne madarar gwangwani da aka dama da ruwan rijiyar, ko koko, ko ɗan ruwan da kakanni ke ɗura wa jariri don zafi, ko jiƙe-jiƙe. A yi wa Hajiya da sauran matan gida bayani cikin lalama.

Kuma don Allah kada a ce za a tafasa. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma naitiret ba ya tashi da tururi. Ruwa ne ke raguwa, shi kuwa yana nan, sai ma ya ƙara kauri. Alam ba ya kwantar da shi, kulorin ba ya kashe shi, tacewa da ƙyalle ba ta cire shi. Wankan jego, wankan jariri, wanki, wanke-wanke, duk babu laifi, ba ya shiga ta fata. Na sha ne da na girki za a nemo daga wani wurin da aka gwada, ga jariri da masu juna biyu kafin kowa.

Baban Halima, Dakace

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. 'Yata Uwar Biyu, na tara matan gida na karanta musu saƙonki. Nono zalla yake sha, mun kuma hana a ba shi ruwa.

Malam, na auna. Masan da muke amfani da shi yanzu taku goma sha biyu ne daga bakin rijiya. Akwai kuma tsohon da ya cika muka rufe, shi ya ma fi kusa, kuma ta gefen da ƙasa ta fi tudu yake. Turken shanu da awaki ma a wannan gefen yake tun zamanin mahaifina. Gonar masara kuwa tana da nisa da gida. To ka ga maganarka tana da ƙarfi a kan rijiyar gida.

Amma ƙorama fa? Wurin tsatstsafowar nan babu gida kusa da shi. Abin da ke samansa lambuna ne, nawa da na maƙwabta, muna ban-ruwa safe da yamma, muna zuba taki. A nan ba na jin za mu tsame kanmu.

Mai Burtsatse, in na haƙa burtsatse a gida na huta? Sannan ruwan nan mai naitiret, in ana ban-ruwa da shi yana cutar da shuka? Gaɓar da aka kwashe kuma tana gyaruwa? Don mu masu lambu muna da ƙungiya, in da abin yi zan kai maganar gaban mai unguwa.

Mai Burtsatse, Samaru

Baba, Malam ya yi gaskiya a kan rijiyar gida, ku kuma kun yi gaskiya a kan ƙorama. Akwai hanyar rarrabewa. In kun kai ruwa ɗakin gwaji, ku ce a auna har da kuloraid, wato sinadarin gishiri. Mutum yana cin gishiri yana fitar da shi, don haka ruwan da masai ya ɓata yakan zo da naitiret da kuloraid duka a sama. Wanda yuriya ta ɓata kuloraid ɗinsa ba ya tashi haka. A kuma auna ƙwayoyin cutar bayan gida, don in masai ne, su ne ma suka fi saurin kwantar da mutum.

Burtsatse tana taimakawa amma ba tabbas ba ce, ko da yake sana'ata ce. A ƙasarmu ruwan zurfi a cikin tsagogin dutse yake, kuma tsaga hanya ce buɗaɗɗiya, tana iya jawo ruwan sama-sama kai tsaye ba tare da ya ratsa komai ba. Abin da ya fi ɓata burtsatse shi ne rashin toshe gefen bututu. In ba a zuba siminti an rufe tsakanin bututu da bangon rami a mitocin sama ba, ruwan masai zai bi jikin bututun ya sauka. Ku tsaya a kai ranar da ake yi. Ku kuma sa a haƙa ta gefen tudu, sama da masai da turke, nesa gwargwadon yadda fili ya ba da dama.

Ku sani kuma ko yau kuka ɗauke turke, rijiyar ba za ta wanke a damina ɗaya ba. Abin da ya riga ya sauka yana hanya. A kudancin Ingila, inda ƙasa dutsen alli ce, naitiret yana sauka kamar mita ɗaya a shekara, har yau suna shan takin da aka zuba shekaru da dama da suka wuce. Namu ruwan bai kai can zurfi ba, jiran ba zai kai nasu ba, amma lissafin na shekaru ne.

Ban-ruwa da shi kuwa ba ya cutar da shuka, taki ne kyauta. Ruwa mai miligiram 50 a lita, in a ce kun ba hekta ɗaya lita miliyan 5 a tsawon noman rani, kun zuba mata kusan kilo 56 na naitirojin, wato buhu biyu da rabi na yuriya, ba ku sani ba. Wanda ke jan ruwa daga gurbin nan na ƙasa yana iya rage taki bai yi asara ba. Babbar ɓarnar lambu ita ce a watsa taki da yawa lokaci ɗaya, sannan a saki inji har ruwa ya kwanta. A ƙasa mai yashi wannan wanke takin ne zuwa ƙorama, kuɗi ya tafi, shuka ba ta ci ba. A raba shi kaɗan-kaɗan, a binne kusa da gindin shuka, a ba da ruwa daidai jiƙa. A masara ma haka, kada a zuba duka ranar shuka. Ruwan farko na damina da kansa yana tayar da naitiret mai yawa daga busasshiyar ƙasa, a lokacin da shuka ba ta yi saiwar da za ta kama shi ba.

Gaɓa tana gyaruwa, amma a hankali. Abu na farko shi ne a daina kwasar yashi da haƙar ƙasar bulo a inda lakar ta rage, don abin da ya ɗauki shekaru yana taruwa tifa na kwashe shi a mako. A bar zirin ƙasa tsakanin lambu da ruwa ba a nomawa ba a ƙonawa, a dasa jema ko wata ciyawa mai zurfin saiwa, ta kama laka in ambaliya ta zo, ganyenta ya ruɓe a wurin. Kada kuma a yanka lambatu don busar da damshin da ke bakin ƙorama, domin laka in ta bushe iska ta shige ta, aikin nan na cinye naitiret ya tsaya. Sai dai ciyawa tana da iyaka: inda ruwa ke bi ta tsakuwa can ƙasa da saiwa, zai wuce ta ƙarƙashinta. A irin wannan wurin rage abin da ake zubawa a sama ne kawai mafita.

Akwai wani abin da ya kamata ƙungiyarku ta lura da shi. Ba kullum ƙasa ke ba ƙorama ruwa ba. In injuna suka yi yawa a fadama suka ja ruwan ƙasa ya sauka ƙasa da gindin ƙorama, tafiyar juyawa take yi, ƙorama ce ke komawa cikin ƙasa, abin da ke cikinta ya nufi rijiyoyin bututu. Masu lambun da ke bakin ruwan da kwata ke shiga su suka fi shiga wannan hali.

Ga gwajin, ku ɗebi ruwa sau biyu a shekara, ƙarshen rani da kuma tsakiyar damina wajen Agusta, daga rijiyar gida, da wurin tsatstsafowa, da ƙorama sama da ƙasa. Kwalba mai tsabta, a ɗauraye ta da ruwan wurin, a cika ta fal, a sa cikin kula da ƙanƙara, a kai a ranar. Sassan kimiyyar ƙasa da na ruwa a jami'a nan Samaru sun san aikin, yaronku zai iya tambayowa. In sakamako ya fito ku tambaya da wane ma'auni aka rubuta, don wasu naitiret ɗin gaba ɗaya suke rubutawa, iyakarsa 50, wasu kuma naitirojin ɗin da ke cikinsa kaɗai, iyakarsa kusan 11. Wanda ya ga 20 a ma'auni na biyu ya ɗauka na farko ne zai ce ruwa lafiya, alhali ya kusa ninka iyaka.